Kunnen Kawu da Motar da Muka Ara wa Murya

A Zongon Kwatano, inda aka haife ni, ba a sayen mota da ido. Motocin da jiragen ruwa ke sauke mana duk tsofaffi ne da suka gama bautarsu a ƙasashen Turawa, an wanke su, an goge, an fesa wa kujerunsu turare, kowacce tana sheƙi sai ka ce ba ta taɓa faɗawa rami ba. Wanda ya yarda da sheƙin nan shi ake wucewa a gefen titi tsakanin Parakou da Malanville, ya buɗe kan mota yana yi wa inji fifita da hula. Saboda haka mu kunne muke bi, kuma kunnen da duk Zongo ke bi na Kawu ne, wan mahaifiyata.

Kawu ba makanike ba ne. Direba ne da ya daɗe a hanyar arewa, da ya sauka daga sitiyari sai ya koma sauraron inji, kuma wannan ita ce sana'arsa kaf. Kayan aikinsa guda ɗaya ne, wani dogon turnabis mai ƙotar katako, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira sukudireba. Idan mota ta kwanta wa mutum a rai a filayen sayar da motoci da ke gaba da Akpakpa, ba ya fara ciniki sai ya zo ya ɗauki Kawu. Za a buɗe kan motar, kowa ya yi shiru. Kawu ya ɗora tsinin turnabis a jikin inji, ya kai ƙotar kunnensa, ya rufe ido, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya. Wannan yatsan shi ne izinin a tayar da mota. Ba ya buɗe ido sai ya gama, kuma hukuncinsa kala biyu ne kawai. Ko ya ce, "Ɗauka," ko ya ce, "A bar wa mai ita." Dillalai sun tsane shi tsana mai tsanani, suna kuma gaishe shi har ƙasa.

Ni ke kai shi a babur ɗina duk lokacin da na samu sarari daga ofishin fiton kaya da nake wa aikin takardu a bakin tashar jiragen ruwa. Ɗan lakwal yake kirana, wai don na yi boko har na iya faransanci da hanci. A kan babur ɗin nan na fara gane abin da ba wanda ya gane. Wata rana muna tsakiyar gada, wata babbar mota ta danna mana oda a ƙeya, irin wadda ta sa na kusa zuba mu cikin ruwa. Amma Kawu ko gezau, ya ci gaba da ba ni labarin wani mai goro daga inda ya tsaya. Daga ranar na fara sa masa ido. Na ga ƙotar turnabis ta bar ramin kunne ta koma ƙashin bayan kunne. Bayan wani lokaci ta sauko muƙamuƙi. Daga baya ta shige tsakanin haƙoransa. Kunnen Kawu mutuwa yake yi a hankali, abin da ya rage masa shi ne girgizar inji da ke bin ƙarfe ta shiga haƙoransa, ga kuma sanin da ya tara na shekaru. Da wannan ya ci gaba da yanke hukunci, kuma ban taɓa jin ya kuskure ba.

Zongo ta ga duk abin da na gani, sai dai ta yi masa tata fassarar. Aka ce Kawu ya kai wani sabon mataki a ilimi. Makanikai suka kama cizon turnabis, har wani a bayan babban masallaci ya rasa haƙorin gaba a kan injin da ko jariri ya san ya mutu. In an yi wa Kawu magana bai amsa ba, sai a ce dattako ne. Shi kuwa kullum yana zaune a ƙofar gida ya jingina da bango, yadda duk mai zuwa sai ta gabansa zai ɓullo, ya kafa wa bakin mutum ido yana tsintar magana daga leɓe. Ni da shi ba mu taɓa ɗaga zancen ba, ko sau ɗaya. Na dai koyi juyo masa fuskata kafin in yi magana. Na san Zongo. Da labarin ya fita, ba wanda zai zage shi. Tausayinsa za su ji, su riƙa ɗaga murya wajen gaishe shi, su kuma daina zuwa ɗaukarsa. Tsohon da bai da komai a duniya sai kunnensa, wannan ya fi zagi ciwo, kuma ina tsoron ranar fiye da yadda nake tsoron nawa tonon asirin.

Ana nan sai wani kamfanin ƙera motocin lantarki daga wata ƙasa mai nisa ya ga cewa mu ne kasuwarsa ta gaba. Ya turo wakiliya, wata mata mai natsuwa da tabarau, wadda kowa ke kira Madam. Ofishinmu ya fito mata da motocin gwaji, ta ji ina juya harshe tsakanin faransanci da Hausa da yaren gari, sai ta ɗauke ni in zama bakinta da kunnenta. Aka ba ni riga mai tambarin kamfani da kujera mai juyi. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Mako guda ban bi ta ƙofar gidan Kawu ba sai da rigar a jikina.

Mutanen nan ba wawaye ba ne, gaskiya ɗaya ce. Madam tana da wani kundi mai kauri da ya lissafo duk haɗarin da mota irin tasu za ta iya fuskanta a ƙasa irin tamu. Sun san wutarmu takan ɗauke ba sallama, sai suka zo da rumfar caji mai farantan hasken rana. Sun san damina, sai suka ɗaga cikin motar suka toshe duk inda ruwa zai bi. Ni da kaina na tuƙa ta cikin unguwar Ladji ranar wata ambaliya da 'yan babur ke ɗaukar baburansu a ka, ta ratsa ruwan ta fito ko tari ba ta yi ba. Sun san iskar teku na cin ƙarfe. Sun san 'yan duwan, wato jami'an kwastan, da halinsu. Sun san man kpayo, fetur ɗin nan da ake sayarwa a kwalabe a kowane lungu, wanda ke sa mai mota ya ji ba ya buƙatar kowa. Har babi suka ware a kan kayan gyara da nisan hanyar arewa. Na karanta kundin daga bango zuwa bango, babu layi ko ɗaya a kan wani tsoho mai turnabis a baki.

Suka yi bikin buɗewa a wani otal a Fidjrossè, bakin teku. Manya suka zo suka sha lemo, suka shafa motar, suka ɗauki hoto, suka koma cikin motocinsu masu hayaƙi suka tafi. Watanni suka shuɗe, motocin na jere a bayan gilashi muna goge musu ƙura. Ran nan Madam ta cire tabarau ta tambaye ni, su wa ke sayen mota da gaske a garin nan? Na ce mutanenmu, masu kai ta arewa da masu haya da ita. Ta ce to me suke jira? Na ce Kawu suke jira.

Haka aka yi muka kai motar Zongo da la'asar, gaban tashar motocin arewa. Tun kafin mu isa muka fara shan kunya. A lungunanmu mutane da kunne suke tafiya, ba mai waiwaye sai ya ji ƙara. Motar ta bi bayan wata tsohuwa mai tallan ƙosai tun daga bakin titi har ƙofar tasha, a hankali, cikin ladabi, tsohuwar ba ta san da ita ba sai da ta juya za ta tofar da yawu. Ta saki tire ta yi salati, ta ce wace irin mota ce wannan mai sanɗa kamar ɓarawo.

Shugaban tasha ne ya karɓe mu, abokin Kawu tun suna direbobi, mutum mai ƙaton ciki da murya mai cika fili. Aka aika aka kira Kawu. Ya zo da turnabis ɗinsa a naɗe cikin tsumma, Madam ta rusuna ta gaishe shi kamar yadda na koya mata. Aka buɗe kan motar. Inda inji ya kamata ya zauna sai ga wani ɗan akwatin roba na ajiye jaka, fes da shi. Kawu ya leƙa, ya zagaya, ya sake leƙawa.

"Ɗan lakwal," in ji shi, "ina motar take?"

Na juyo masa fuska na ce, "Ga ta nan, Kawu. Da kuran take tafiya, wutar lantarki. A kunne ma take yanzu haka."

Ya ɗora tafin hannu a jikinta ya ɗan jima. Sannan ya mayar da turnabis cikin tsumma ya ce, "Bon, to. Ka gaya wa baƙuwa ta yi haƙuri. Abin da bai yi magana ba, ni ba na yi masa shaida. Ba zan ce a ɗauka ba, ba zan ce a bari ba."

Shi ke nan. Jama'a suka gyaɗa kai suka watse. Wani direba ya tsaya ya yi min bayani a tsanake, kamar ni ba ɗan unguwar ba ne. Ya ce mota ko ciwo take sai ta faɗa maka tun da sauran tafiya, ta yi tari, ta yi gurnani, ka san abin da ke damunta. Wannan kuwa in za ta mutu a daji shiru za ta mutu, ba wasiyya.

A hanyar komawa Madam ta kafa wa titi ido. Ni kuma raina a ɓace, ina jin haushin mutanena, ina jin haushin rigata. Cikin wannan haushin dabara ta zo min, kuma har yau in na tuna irin daɗin da na ji da zuwanta sai kunya ta kama ni. Na ce, "Madam, murya suke so. A ba ta murya mana." Ta dube ni ta saman tabarau. Ashe abin ba sabo ba ne a wurinsu, akwai 'yar lasifika a ƙarƙashin motar da aka tanada don gargaɗin masu tafiya a ƙasa, sai dai nasu sautin wani siririn fito ne da ba wanda zai ji a hayaniyar Zongo. Ta rubuta wa hedikwatarsu. Bayan 'yan makonni amsa ta dawo, sun yarda, har sun yaba da abin da suka kira fahimtar al'adun kasuwa. Sun ce a turo musu samfurin ƙarar injin da mutanen wurin suka fi so.

Ban yi dogon tunani ba. Duk Zongo an san injin da ya fi kowanne daɗin sauraro, na tsohuwar doguwar motar shugaban tasha ne, wadda yanzu ba ta zuwa ko'ina sai Juma'a. Kawu ne ya saurare ta shekaru da yawa da suka wuce ya ce a ɗauka, kuma an ce ranar har murmushi ya yi. Na je da safe lokacin da ake ɗumama ta, na yi kamar ina amsa waya, na ɗauki muryarta tsaf. Tana da wani ɗan tari guda ɗaya da take yi bayan an tayar da ita, kafin ta daidaita. Har shi na ɗauka. Na ce a raina shi ne zai sa abin ya yi kama da gaskiya.

Aka sa wa motar sabuwar lasifika mai ƙarfi, aka ɗura mata muryar. Da muka gwada a bayan ofis, mai gadinmu ya fito da gudu yana neman inda babbar mota ta shigo. Madam ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta. Ita a nata tunanin ba yaudara ba ce, ta ce da zarar sun ji sun saki jiki za mu yi musu bayani. Ta roƙe ni kada in gaya wa kowa kafin ranar.

Sai ana gobe za mu koma Zongo abin ya faɗo min. Kowa zai ji ƙarar nan ban da mutum ɗaya. Lasifika iska take kaɗawa, ba ta girgiza ƙarfe, kuma motar lantarki in tana tsaye babu abin da ke juyawa a cikinta. Da safe na tafi wurin Kawu da niyyar in gaya masa. Na same shi a ƙofar gida yana haɗa shayi. Na zauna, na gaishe shi, na yi ta kewaye. Yaya zan ce wa Kawu, za a yi ƙara, ka yi kamar ka ji? Wannan daidai yake da in ce masa na san ba ka ji, na kuma daɗe da sani. Da ya sunkuya yana hura gawayi, ya ba ni ƙeya, sai na ce da muryata ta kullum, "Kawu, mun sa wa motar lasifika, yau za ta yi kukan inji." Na faɗa, Allah shaida ne na faɗa. Na dai zaɓi lokacin. Ya ɗago ya miƙo min kofi, na sha, na tashi ina gaya wa kaina na sauke nauyi.

Labari ya riga mu isa cewa motar sanɗa ta dawo, wai an yi mata magani. Gaban tashar ya cika, direbobi, dillalai, masu shayi, 'yan babur masu rigar rawaya sun jera a gefe, har mai ƙosan nan ta zo ta tsaya nesa-nesa. Wannan karon injiniyan kamfani ya cire akwatin robar, don a samu ƙarfen da za a ɗora turnabis. Kawu ya zo, ya warware tsummansa, ya duba ya zaɓi wuri. Ya ɗora tsinin, ya ciji ƙotar, ya rufe ido. Fili ya yi tsit. Ya ɗaga yatsa.

Madam ta danna maɓalli. Motar ta yi gurnani, ta yi ɗan tarin nan guda, sannan ta daidaita da wata murya mai kauri mai daɗi da ta cika tashar har tana dawowa daga bangon masallaci. Awaki suka watse. Wani ya yi kabbara. Na ji ana cewa, "Ta yi baki! Wallahi ta yi baki!" Madam ta ƙara mata wuta, mutanen da ke kusa suka toshe kunnuwa suna dariya.

Kawu yana sunkuye, ido a rufe, yatsansa a sama. Bai sauke shi ba. Na tsaya ina kallon yatsan nan. Ya jira, ya ƙara jira. Sannan ya zare ƙotar daga bakinsa, har yanzu bai buɗe ido ba, ya ce da ƙarfi, irin ƙarfin wanda ba ya jin muryar kansa, "Wai ba za a tayar da ita ba ne? Ku demare ta mana, rana na yi!"

Madam ta ji sautin maganar ba ta gane ma'anar ba, ta ɗauka ƙorafi ne, ta kashe. Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa a Zongo ba. Kawu ya buɗe ido. Ya ga hannaye a kan kunnuwa, ya ga bakuna a buɗe, ya ga awaki can ƙarshen layi. Ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya har ya iso kan tawa. Na ga fuskarsa ta sauka, ni kuwa na ji da ma ƙasa ta tsage in shige da rigata da tambarinta.

Shugaban tasha ne ya motsa. Ya dubi motar, ya waiwaya ya dubi tasa tsohuwar da ke fake a ƙarƙashin rumfa, a kashe, an lulluɓe ta da tampol. Ya ce wa Madam da hannu ta sake kunnawa. Ta kunna. Gurnani, ɗan tari guda, sannan muryar. Ya ce ta kashe ta sake. Gurnani, tari guda, a daidai wurin. Mutumin nan duk da ƙibarsa ya durƙusa, ya kwanta a ƙasa da babbar rigarsa, ya cusa hannu ƙarƙashin motar ya fizgo wayar lasifikar. Ƙarar ta yanke tsakiyar numfashi.

Ya miƙe yana haki, ya ɗaga wayar sama. "Jama'a, kun gani? Rediyo ne! Wannan tarin motata ne, na san shi kamar tarin uwargidana. Mu duka nan an yi mana wasa da hankali muna kabbara, mutum ɗaya ne ya ce ba a tayar da inji ba. To ƙarya ya yi? Akwai inji a nan?"

Wurin ya ɓarke. Aka yi kan Kawu ana riƙe masa hannu, ana shafa rigarsa. Wai kunnensa ya kai inda yake tace ƙarya ya zubar, gaskiya kaɗai ke shiga. Wani dillali da ya fi kowa tsanarsa ya rantse ya ga Kawu yana murmushi tun tarin farko. Shugaban tasha ya dafa kafaɗar abokinsa, ya juyo da shi suna fuskantar juna, ya maimaita masa duk abin da ya faɗa a hankali, baki a buɗe sosai, wai don girmamawa. Ban san tun yaushe shi ma ya sani ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba.

Kafin mako ya zagayo, labarin motar rediyo ya bi direbobi har Malanville ya haye gadar iyaka, ya kuma bi ta Seme ya shiga Najeriya. Kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Ba mai son jin cewa motar ta ratsa ruwan Ladji, ko cewa ba ta shan ko ɗigon mai. Abin da aka riƙe shi ne ta yi ƙarya a gaban Kawu an kama ta. Kamfanin bai daɗe ba ya kwashe motocinsa ya nufi wata ƙasar. Ranar da Madam ke rubuta rahotonta na ƙarshe ta tambaye ni, a gajiye, a wane babi na kundin za ta sa abin da ya faru. Muka duba tare ba mu samu ba. A ƙarshe ta sa shi ƙarƙashin matsalar wutar lantarki, ta ce shi ne wanda za su gane. Ta yi min sallama cikin mutunci, ba ta ɗora min laifi ba, wanda hakan ya fi min zafi. Na mayar da riga na koma kan takardun fito.

Kawu kuwa sunansa bai taɓa kai haka ba. Masu sayen mota suka yi layi a ƙofar gidansa, har da waɗanda suka zo daga nesa. Ya sallame su duka. Ya ce ya gaji, ƙafa ta ƙi, a nemi matasa. Zongo ta ce ai haka manya suke, suna sauka ne a kan ganiyarsu. Ni na yi kwana tara ina zagaye layinsu ta bayan masallaci don kada in bi ta gabansa, har ya aiko mahaifiyata ta ce min Kawu na kira.

Na same shi da hantsi a cikin gida, ba a ƙofa ba, yana zaune a tabarma shi kaɗai. Ya nuna min gabansa, inda haske ke faɗo wa fuska. Na zauna.

"Da ƙarfi ta yi kukan?" ya tambaya.

"Da ƙarfi, Kawu."

"Aka ce na tsohuwar motar shugaban tasha ne."

"Nata ne. Ni na ɗauko."

Ya gyaɗa kai. "Injin kirki. Ni na ce ya ɗauka." Ya murza gefen tabarma. "Da safen nan da ka zo shan shayi, magana ce ta kawo ka."

"Na faɗa, Kawu."

"Ina kallonka?"

Na sunkuyar da kai, sannan na tuna dole in ɗago in zai gane amsar. Na ce, "A'a."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na samu sauƙi. Ya ce, "Tana nan a wayarka, muryar?" Na ce tana nan. Ya miƙo hannu. Na lalubo ta, sai na danna ta bisa kuskure kafin in miƙa masa. Gurnanin ya cika ɗakin, tarin nan ya zo ya wuce. Kawu ya karɓi wayar, bai kai ta haƙoransa ba. Ya manna ta a kunnensa na dama, inda ƙotar turnabis ke zama a da can, ya rufe ido, ya gyara zama. Sannan ya ɗaga yatsa ɗaya.

Injin na ta kuka a jikin kunnensa, yatsan na sama yana jira. Zan iya yin shiru har ya gaji. Zan iya karɓa in yi kamar wayar ce ta ƙi. Hawaye na zubo min, na kai hannu na taɓa gwiwarsa. Ya buɗe ido, na tsaya sai da ya kalli bakina sosai.

"Tana yi, Kawu. Tun ɗazu take yi."

Ya sauke yatsan a hankali, ya cire wayar daga kunnensa, ya goge fuskarta da hannun rigarsa ya miƙo min.

"To kashe, ɗan lakwal," in ji shi. "Kada ta cinye maka batir."